Ina Ma Mai Fassara Zai Yi Shiru

A ganina, finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa yanzu ba su kama ƙafar na da ba. Ɗauki Mother India na 1957, wanda aka shekara da shekaru ana nunawa a Kano. Mu 'yan kallon Plaza ta Fagge da silimun Sabon Gari ba ma jin Indiyanci. Amma sa'ad da Radha ta harbe ɗanta Birju don ya sace 'yar Sukhilala, mai bashi da ruwan da ya talauta su, wa ya nemi tafinta? Fuskar Nargis ta wadatar. Mai fassarar yau kuwa, ko gawa ce kwance sai ya sako barkwanci. Haba jama'a!