Tartibin Shekarar Ɗan Kokawa

Duk wanda ya zaga unguwannin Tasawa da Mayahi a ƴan shekarun nan, musamman idan kaka ta gabato aka fara zancen waɗanda za su wakilci jihar Maraɗi a gasar kokawa ta Takobi, ba zai rasa ganin samari sun kafa wurin ɗaga ƙarfe a lungu ba, wasu da ƙarafan tsohuwar mota, wasu da siminti da aka daskarar a gwangwani, suna kwaikwayon abin da suka gani a Facebook safe da yamma. Ni ban ga aibin ƙarfen ba. Abin da nake inkari shi ne rashin tartibi, wato a tattara wahalar shekara guda a ƴan makonni kafin zaɓe, sa'an nan a sa ran kaye.

Magabatan wannan fage, irin su Yakuba Kantu, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975, wanda kuma filin kokawar Maraɗi yake amsa sunansa a yau, sun tashi a zamanin da shekarar manomi ita ce take tsara wa ɗan kokawa horonsa ba tare da ya nemi malami ba. Da damina yana bisa jigawa da hauya tun hantsi har azahar, aikin da ke gina baya da ƙugu da dogon numfashi a sannu. Da kaka yana ɗaukar dammunan gero zuwa rumbu, ga fura da nono da wake sun wadata, ga makaɗa sun fito dandali ana karawa ƙauye da ƙauye, ta yadda kafin sanyi ya kankama jiki ya nuna, dabara ta zauna. Idan kuwa bazara ta yi tsanani sai ya sassauta, abin da ya rage masa jan guga ne a rijiya. Wani masanin Tarayyar Sobiyet mai suna Matveyev ya rubuta ƙa'idar da ta yi kama da wannan a shekarun 1960, inda ya kasa shekarar ɗan wasa zuwa lokacin shiri, da na gasa, da na hutu, duniya kuma ta karɓa. Manoman wannan yanki na Gulbin Kaba sun riga shi aiki da ita, illa dai ba su rubuta ba.

Hujjar a jikin ɗan Adam take. Tsoka tana ƙaruwa ne a lokacin hutun da ya biyo bayan wahala, jijiyoyin gaɓɓai kuwa sun fi tsoka jinkirin sabawa da nauyi, saboda haka wanda ya yi gaggawa ƙwanjinsa zai cika ido, alhali gwiwa da kafaɗa suna jiran ranar targaɗe. Gasar da jihohi takwas suke kawo ƴan kokawa goma-goma, ana fafatawa kwana da kwanaki, ba ta ragar wa wanda ya iso fage a gajiye.

A ganina maslaha ita ce wanda ya bar gona, ko ya tafi cirani, ya mai da ƙarfe madadin hauya tun farkon damina, nauyi matsakaici, maimaici mai yawa. Da kaka ya ƙara nauyi ya rage adadi, ya yawaita kamawa da abokan karawa. Saura mako biyu a fara gasa ya sassauta ƙwarai. Watan azumi kuma, da yake yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, wajibi ne a sa shi a lissafi tun da wuri.

Ina roƙon shugabannin kokawa na Tasawa da Mayahi su riƙa tara yaransu tun shuka, kada su jira sai an buga gangar zaɓe.