Gidan Ɗankwairo, Masu Zana Sarakuna da Baki

A Turai da Amurka akwai gidajen da sana'arsu ita ce zana kamannin manyan mutane, ɗa ya gāji uba. Charles Willson Peale ya zana George Washington a 1772, ɗansa Rembrandt kuma ya zana shi a 1795 yana ɗan shekara 17. A ƙasar Hausa kuwa makaɗan fada suka riƙe wannan aiki, sai dai su da baki suke zanensu.

Cikin irin gidajen nan, da wuya a sami wanda ya kai na Usman Ɗankwanda suna. Shi makaɗin Sarkin Maradun ne. Da ya rasu, ɗansa Abdu Kurna ya gāje shi, ƙanensa Musa Ɗankwairo yana mara masa baya. Daga bisani Musa ya yi fice da kiɗan kotso, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙar Mai Dubun Nasara. Ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ɗauki kotso.

Amfanin gadon nan a fili yake. Ɗan gida tun yana ƙarami yake haddace asalin sarakuna da kirarinsu, ya san yadda ake sarƙa amshi, wannan ya ɗauka, wancan ya ƙarasa, har muryoyi su zama kamar ta mutum guda. Wanda ya shigo da girma ba kasafai yake kai wa nan ba.

Amma akwai aibi biyu. Na fari, sarauta ake zanawa, ba mutumin ba. Kowane sarki giwa ne ko zaki. In akwai laifi, sai a jinginā wa abokin hamayya ta hanyar zambo da habaici, gama ba a kushe hannun da ke ba da riga da doki. Na biyu, magaji yakan koma maimaita aikin da ya riga ya karɓu. Rembrandt ɗin nan ya kwafi zanensa guda na Washington fiye da sau 70.

Saboda haka mai sauraro ya sha daɗin waƙa, amma in tarihi yake nema, sai ya gwada ta da abin da aka rubuta. Magaji kuwa ya dubi sarkin zamaninsa da idon kansa, kada ya sa masa rigar da aka ɗinka wa wani.