Daga Tulun Ruwa zuwa Abincin Ruhi: Nazari a kan Fasahar Ladi Kwali

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin da bai taɓa riƙe takardar naira 20 ba, wadda tun 2007 take ɗauke da hoton wata mata tana ginin tukunya. Amma da yawa ba su san ko wace ce ba. Wannan nazari zai dubi rayuwar wannan maginiya, Ladi Kwali, da waɗanda suka yi mata tasiri, da yadda tulunta ya tashi daga kayan aikin gida ya zama abin da ake tsayawa a yi tunani a gabansa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinta

An haifi Ladi wajajen 1925 a garin Kwali na ƙasar Gbagyi, wanda a yau yake cikin Babban Birnin Tarayya. Suna ne da Bahaushe kan laƙaba wa yarinyar da aka haifa ranar Lahadi. Ta koyi ginin tukwane tun tana ƙarama a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. A al'adarsu sana'ar mata ce: maginiya kan ajiye curin yumɓu ta riƙa zagaya shi, tana jan bangonsa sama tana ƙara masa murɗaɗɗen yumɓu, daga bisani a gasa shi a fili da busasshiyar ciyawa.

Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tulunanta a fadarsa, kuma a can ne wani magini ɗan Ingila, Michael Cardew, ya fara ganin su a 1950. Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohuwar, wadda aka mayar da sunanta Suleja bayan an zaɓi sabon babban birni a 1976. A 1954 Ladi ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya kafa a garin, ta zama mace ta farko a cikinta. An nuna ayyukanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, sannan ta zaga Amurka tare da Cardew a 1972. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984.

3.0 Tasiri da Sauyi

Idan muka lura, hannu biyu ne suka rene ta. Daga gida ta sami siffar tulu da zanen da ake tsagawa a jikinsa: kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsu. Daga cibiya kuwa ta koyi aiki da faifai mai juyawa, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Sai dai ba ta yar da na gida ba. Manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su, ta cike tsagar zanen da farar ƙasa, sannan a shafe su da ƙyalli.

A nan ne muke ganin babban sauyi. Tulun gargajiya yana sanyaya ruwa ne saboda jikinsa na tsattsafo. Da aka shafe shi da ƙyalli, sai ƙofofin suka toshe, nauyinsa ya ƙaru, ya daina sanyaya ruwa, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin matan da suka saba ɗaukarsa zuwa rafi. Wannan asara ce, kuma bai kamata mai nazari ya rufe ido a kanta ba. To amma da amfanin yau da kullum ya kau, sai abin da ke ɓoye a jikin tulun ya fito fili. Mai kallo yanzu ba ƙishin maƙogwaro ke kawo shi ba. Yakan ga halittun tudu da na ruwa da na sama kowace a gurbinta, ba wadda ta danne wata, a kan abin da aka gina da ƙasa da ruwa da wuta. Irin wannan kallo kan sa mutum natsuwa, ya tuna cewa shi ma daga ƙasa yake. Wannan shi ne abin da muke nufi da abincin ruhi.

4.0 Kammalawa

A ganinmu kuskure ne a gabatar da Ladi a matsayin wadda Bature ya gano, domin fadar Abuja ta san darajarta kafin zuwansa. Muna ba da shawarar a sanya tarihinta cikin darasin sana'o'in gargajiya na manhajar Hausa. A kai ɗalibai wurin maginan tukwane na garinsu, su koyi sunayen randa da tulu da kasko da shantali daga bakin masu su, sannan a tambaye su abin da tulu ya samu da abin da ya rasa ranar da ya daina ɗaukar ruwa.