Katangar Woking ta tsaya, amma masu wurin sun tashi

Jama'a, akwai wani aiki da aka yi a garin Woking na ƙasar Ingila da ya kamata mu duba, mu da kullum muke fama da zancen katangar maƙabarta.

A shekarar 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Ingila ta gina maƙabarta don sojojin Indiya Musulmi da suka rasu a asibitocinta. Ba don tsabar ƙauna ba ne. Jamusawa ne suka baza labari cewa ba a yi wa sojoji Musulmi jana'iza yadda addini ya ce, shi ya sa aka yi sauri. An zaɓi Woking saboda masallacin Shah Jahan yana nan tun 1889. Katangar jan bulo ce, da ƙubba a bakin ƙofa. Mutum 27 aka binne a ciki, 19 daga yaƙin farko, 8 daga na biyu.

To, a ƙarshen shekarun 1960 'yan ɓarna suka addabi wurin, sai aka tone gawarwakin aka mayar da su maƙabartar Brookwood. Malamanmu na Malikiyya sun halatta ɗauke mamaci idan akwai maslaha kuma ba a keta alfarmarsa ba, ban musa ba. Amma fisabilillahi, gwamnatin da ta iya ɗauko mutum daga Indiya ya mutu mata, ta kasa ajiye maigadi ɗaya?

Ginin ya zauna kufai shekara da shekaru. Ƙungiyar sa-kai mai kula da filin, Horsell Common Preservation Society, ita ce ta haɗa kai da ƙaramar hukumar Woking da masu zanen gini aka gyara, aka buɗe a 2015. A nan na yaba musu ƙwarai. Ba su rushe sun zuba sabon siminti ba, irin yadda ɗan kwangila zai ba ka shawara don aikin ya yi tsoka. Tsohon ginin suka ɗinke, suka mayar da ƙubbar kamanninta. Kuma duk adon a kan katanga da ƙofa yake, babu gini a kan kabari, ballantana wani ya ce an saɓa wa sunna.

Inda ban gamsu ba shi ne cikin. An yi lambu da tafkin ruwa, an dasa bishiya 27, ɗaya ga kowane soja, an rubuta sunayensu a dutse. Da kyau, ba laifi. Sai dai an sa masa suna Lambun Zaman Lafiya, alhali yaƙi ne ya kawo bayin Allahn nan, yaƙin da ba nasu ba. Mai yawon shan iska zai ga ruwa da furanni ya wuce, da wuya sunan ya sa shi tambayar me ya raba waɗannan mutane da kaburburansu na farko. Allah Ya jiƙansu.