Takardun Gida Zuwa Ga Sojan Bama

Jama'a, kwanan baya wani almajirinmu ya kawo mana ƙunshin takardu bakwai da ya tsinta a akwatin kakan ubansa. Daga gida aka aika masa da su sa'ad da yake soja a ƙasar Bama, inda rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, suka yi yaƙi da Jafan a 1944 da 1945. Mun karanta su, muka ga ya kamata a auna su kamar yadda ake auna littafi, gama takarda ma aikin alƙalami ce.

Biyar daga ciki mai rubutun takarda na bakin kasuwa ya rubuta su, aka biya shi ladansa. Hannunsa kyakkyawa ne, ba tababa. Amma kowacce ta fara da gaisuwa mai yawa da tambayar lafiya, ta jera sunayen masu gaisuwa har ta cinye rabin shafi, sa'an nan ta ce kowa lafiya, ta roƙi a aiko da kuɗi, haza wassalam. In ka karanta ɗaya ka karanta biyar. To, mutumin da ke kwance cikin dajin Kaladan, ruwa na dukansa, me zai riƙe a nan? Gaisuwa ƙofa ce, ba a sauke baƙo a bakin ƙofa a tafi.

Aibin da ya fi wannan nauyi shi ne ɓoyo. Almajirin ya gaya mana mahaifin sojan ya rasu cikin waɗannan watanni, amma takardun ba su daina miƙa gaisuwarsa ba. Mun san tausayi ya sa haka. Duk da haka muna ganin an ƙware shi, domin an hana shi yi wa ubansa addu'a a kan lokaci, kuma ran da ya gane, duk wata "lafiya" da aka taɓa rubuta masa ta zama abin shakka.

Sauran biyun uwarsa ce ta faɗa, wani yaron elementare ya rubuta. Baƙaƙen a karkace suke, ba aya ba waƙafi. Amma ta gaya masa gero ya yi kyau a gonar gabas, damina ta rushe katangar zaure an tayar, matarsa ta sauka lafiya, an raɗa wa yaron sunan kakansa, kunnuwansa kuwa irin nasa ne. Wannan shi ne rubutu. Wanda ya karanta ya ga gidan da idonsa. Ta tuna mana da uwar Shaihu Umar a littafin Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa na 1934, wadda ta ratsa hamada neman ɗanta. Waccan ta tafi da ƙafa, wannan ta tafi da magana.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. In teku ta tsare ƙafa, takarda ce ke tafiya a madadinta, sai a ɗora mata kayan gaskiya. Saboda haka muna roƙon 'yan'uwanmu malamai, in za su koya wa yara rubuta takarda, su rage auna tsawon gaisuwa, su tambayi yaro: wane labari ka ba shi wanda ba kowa zai ba shi ba sai kai? Masu ɗa ko miji a bakin daga su ma su riƙe wannan.

Allah ya komo da kowane matafiyi gidansu lafiya, amin.