Cibiyar IRSH ta Jami'ar Yamai: Haɗuwar Fannoni da Matsalar Harshe

Cibiyar Binciken Ilmin Ɗan Adam, wadda aka fi sani da IRSH, ta girmi jami'ar da take ƙarƙashinta. Ta fara a 1944 a matsayin reshen IFAN na Yamai, ta zama cibiyar ƙasa a 1964, kana aka haɗe ta da Jami'ar Yamai a 1974. Manufarta ita ce masanin tarihi, da masanin harshe, da mai nazarin zaman jama'a, da mai tonon kayan tarihi su yi aiki a inuwa guda.

Ba a musun amfanin da aka samu. A jerin littattafanta na Études Nigériennes ne aikin André Salifou kan daular Damagaram ya fito a 1971, na Djibo Hamani kan Adar kuma a 1975. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda ya tsiro daga abin da Boubou Hama ya tara, yana adana dubban takardu.

Sai dai zama a gida ɗaya bai isa a kira shi haɗin gwiwa ba. Yawancin abin da masu bincike suka ji daga bakin dattawan ƙasar Hausa da Hausa suka ji shi, amma da Faransanci aka buga shi, sau da yawa ba tare da maganar asali a gefe ba. Nan ne fannonin ke rabuwa. Kalmar gandu ta isa misali. Ga mai nazarin ƙasa, gona ce. Ga mai nazarin zaman jama'a, tsarin da ƴaƴa da ƙanne ke noma ƙarƙashin maigida ne. Ga masanin tarihi, tana iya nufin gonar sarki da bayi ke nomawa. Mai fassara ma'ana guda yake zaɓa, sauran su salwanta. Wanda ya zo daga baya da tambayar wani fanni ba shi da abin dubawa sai zaɓin wanda ya riga shi.

Hasarar ta biyu ta faɗa kan yaƙi da jahilci. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma ƙarancin abin karantawa bai daina damun malamai da ɗalibai ba. Manomin Maraɗi ko Tawa da ya koyi boko da wuya ya sami tarihin garinsu a harshen da kakansa ya bayar da shi.

Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. Ya kamata duk maganar da aka ɗauka a faifai a rubuta ta da harshenta bisa daidaitacciyar ƙa'ida, a buga ta tare da fassarar, masanin harshe kuma ya shiga aikin tun ranar tafiya ƙauye. Daga wannan matani ne ma'aikatan yaƙi da jahilci za su fitar da ƙananan littattafai, abin da aka karɓa daga jama'a ya koma hannunsu.