Yaƙi Ta Idon Yaro: Tarken Littafin The Kite Runner Da Abin Da Marubutanmu Za Su Tsinta

A wannan fitowa mun ga ya dace mu leƙa waje, mu ɗauko wani ƙagaggen labari daga ƙasar Afganistan mu yi masa tarke, domin akwai abin da ya shafe mu a cikinsa, musamman mu da ke rubutu daga ƙasar Gumel. Littafin shi ne The Kite Runner na Khaled Hosseini, wanda ya fito cikin Ingilishi a shekarar 2003. An haifi marubucin a Kabul a 1965, iyayensa suka samu mafaka a Amurka a 1980, a can ya yi karatu har ya zama likita, kuma yana cikin aikin asibiti ya rubuta wannan littafi, wanda shi ne na farinsa.

Taƙaitaccen Labari

Tauraron labarin shi ne Amir, ɗan wani attajirin Kabul da ake kira Baba, daga ƙabilar Fashtun masu rinjaye. Abokin wasansa shi ne Hassan, ɗan baran gidansu Ali, daga ƙabilar Hazara waɗanda ake yi wa kallon ƙasƙanci. Yaran Kabul suna da wani wasa na lokacin sanyi, inda ake sakar wa jirgin takarda zare ya tashi sama, a shafa wa zaren garin kwalba don ya yanke na abokin hamayya. Wanda aka yanke sai yara su bi shi da gudu su tsinto, kuma a wannan gudu babu kamar Hassan. A gasar 1975 Amir ya yi nasara, Hassan ya ruga ya tsinto masa jirgin ƙarshe. A wani lungu sai wani takadarin yaro mai suna Assef ya tare shi da abokansa, ya keta masa haddi. Amir yana laɓe yana kallo, bai ce uffan ba, ya juya ya gudu. Da kunya ta hana shi sakat, sai ya ɓoye agogonsa da kuɗi a ƙarƙashin shimfiɗar Hassan don a ce ya yi sata. Hassan ya amsa laifin da bai yi ba, shi da mahaifinsa suka bar gidan.

Sojojin Rasha suka shiga ƙasar a ƙarshen 1979, Amir da Baba suka tsere zuwa Pakistan a 1981, daga nan sai Amurka, inda attajirin jiya ya koma aiki a gidan mai. A 2001 wani tsohon aminin Baba, Rahim Khan, ya kira Amir ya tona masa asiri cewa Hassan ɗan Baba ne na cikinsa, kuma 'yan Taliban sun kashe shi da matarsa, sun bar maraya mai suna Sohrab. Amir ya koma Kabul neman yaron, ya same shi a hannun Assef ɗin nan, wanda yanzu ya zama jami'in Taliban.

Jigo Da Salo

Mai karatu zai iya ɗauka cewa jigon littafin shi ne yaƙi, amma mu a ganinmu jigonsa shi ne cin amana da neman kaffara. Yaƙin yana nan a matsayin hanyar da laifin yaro ya bi ya girma. Da ƙasar na zaune lafiya, da wata rana Amir ya bi sawun Hassan ya roƙi gafara. Yaƙi ya raba su da dubban mil, ya kashe wanda aka zalunta, ya bar mai laifi da bashin da ba shi da wanda zai biya sai maraya. A nan gwanintar Hosseini take.

Mu dubi yadda yake shigo da tarihi. Juyin mulkin 1973, wanda Daud Khan ya kifar da Sarki Zahir Shah, bai zo mana a matsayin jawabi ba. Mun ji ƙarar bindigogi ne da dare, yara biyu suna maƙale da Ali don tsoro. Zuwan Rasha mun gan shi a cikin tankar mai da aka cunkushe 'yan gudun hijira suna neman iska. Mulkin Taliban, waɗanda suka kama Kabul a 1996, mun fara jin ɗacinsa daga hana wasan jirgin takarda, abin da yaran suka fi so a duniya. Ko'ina marubucin yana auna babban al'amari da ƙaramin ma'auni, wato abin da ya taɓa gida ɗaya. Wanda bai san komai game da Afganistan ba zai rufe littafin ya san jerin masifun da suka faɗa mata, alhali ba a ɗora shi a benci an karantar da shi ba.

Inda Aka Yi Tuntuɓe

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Na farko, dacen ya yi yawa. Azzalumin lungu shi ne azzalumin Taliban bayan shekara 26. Hassan ya taɓa yi wa Assef barazanar cire masa ido da danƙo, sai ga ɗansa Sohrab ya zo ya cika alkawarin da danƙo. An haifi Hassan da tsagaggen leɓe, sai ga Amir ya tashi daga dukan Assef da tabo a leɓe. Irin wannan ɗinki yana nuna zare, kuma tattara muguntar yaƙin shekaru a kan mutum ɗaya yana sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi, domin yaƙi ba ya buƙatar shaiɗani guda, mutanen kirki ma suna hura wutarsa da shirunsu.

Na biyu, kuma shi ya fi damunmu, Hassan ba shi da baki. An yi shi fari tas, ba ya fushi, ba ya ƙorafi, ba ya tambayar dalilin da ya sa shi yake wanke kwanuka ɗan'uwansa yana makaranta. Wanda aka ci wa amana, wanda ya zauna a ƙasar ya sha yaƙin har ya mutu a cikinsa, muryarsa ba ta wuce wasiƙa guda ba. Labarin ya zama na ɗan masu gida da ya tsira, wahalar bara kuwa ta zama tsani da ya taka ya wanke zuciyarsa. A wannan fuska Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, ya ɗara shi. Shi ma labarin tashin yaro ne a zamanin hare-haren bayi, amma wanda aka sace shi ne mai ba da labari, kuma an ba mu dama mun bi mahaifiyarsa cikin hamada tana nemansa har ita ma ta faɗa bauta.

Abin Da Ya Shafe Mu

To, mu dawo gida. Ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta san hargitsi. A ƙarni na 19 masarautar tana bin Barno ne alhali maƙwabtanta Kano da Haɗeja suna ƙarƙashin tutar Sakkwato, ta gwabza da Haɗeja, ta sha hare-haren Damagaram. Turawan Ingila suka iso a 1903, suka ja iyaka da Faransa wadda ta bar Tumbi, tsohuwar hedikwatar masarautar, a cikin Nijar, dangi suka wayi gari a ƙasa biyu. An yi farin 1973, an yi yunwar 1984, shekarar da aka rufe iyaka. An sake rufe ta a 2019, da kuma 2023 bayan juyin mulkin Nijar, kowane karo kasuwar Alhamis ta Maigatari ta ji a jikinta. Duk wannan, yawancin rubuce-rubucen da membobinmu ke kawowa taron karatu suna faruwa ne a falon wani Alhaji a Kano ko Abuja, inda marubucin bai taɓa kwana ba.

Ba cewa muke a daina labarin soyayya ba, shi ma Hosseini ya saka soyayya a nasa. Cewa muke a ɗauki yaro guda, a ce ɗan dillalin shanu a Maigatari da yaron gidansu wanda yunwa ta koro iyayensa daga arewa, a ba ɗaya laifi na gaske a kan ɗayan, sannan a bar fari da rufe iyaka su yi aikinsu a kan wannan laifi. Kada a tsaya yi mana laccar tarihi, a nuna mana abin da ya ragu a tukunya da wanda aka sallama daga gida. Sannan a gyara inda Hosseini ya yi tuntuɓe, a bar yaron gidan ya yi magana da bakinsa, ya yi fushi in fushi ya kama.

Waɗanda suka ga 1973 da idon ƙuruciya yanzu sun ba shekara 50 baya, kuma kullum raguwa suke yi. Muna roƙon kowane memba, kafin fitowa ta gaba, ya zauna da dattijo ko dattijuwa ɗaya a unguwarsu da littafi da biro a hannu. Allah ya ba mu ikon rubuta namu da kanmu, amin.